Ɗana yana ƙifta ido da gyaran murya ba ƙaƙƙautawa, ku ba ni shawara

Mai tambaya, daga Bagalam:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema a kan ɗan farina, shekararsa 7. Tun wajen ƙarshen damina ya fara ƙifta ido da sauri-sauri. Da hunturu ya shigo sai ƙiftawar ta lafa, ya koma ɗaga kafaɗar dama yana karkata wuya. Yanzu kuma ga sabon abu, gyaran murya da jan hanci, alhali ba mura yake ba. In yana cin tuwo sai ka ga loma ta tsaya a hannunsa, kafaɗa ta yi sama sau biyu, sannan ya kai baki.

Babansa ya ce wasan banza ne ya koyo, har ya taɓa zane shi. A makarantar allo ma ya sha bulala don yana yin ƙarar ana cikin karatu. Surukata ta ce iska ce ta shafe shi. Wata maƙwabciya kuwa cewa ta yi farkon farfaɗiya ke nan. Da na zaunar da shi na tambaye shi, sai ya ce, "Inna, in ban yi ba wuyana ba ya sakewa." Na duba a waya na ga ana maganar ciwon Turet, har da bidiyon wani yana ta zage-zage ba da sonsa ba. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Nan ɗana zai kai? Ina zan nufa da shi?

Wata uwa, daga Sabon Gari:

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Nawa ma ya yi ƙiftar ido da murguɗa baki yana ɗan firamare. Bai cika shekara yana yi ba abin ya wuce da kansa. Yau ga shi saurayi, ko tunawa ba ya yi. Ki kwantar da hankalinki.

Ma'aikaciyar jinya:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba zan iya yanke miki hukunci ba tun da ban ga yaron ba, amma abin da kika kwatanta ya yi daidai da abin da likitoci ke kira tik: motsi ko sauti na farat ɗaya, mai maimaituwa, wanda yaro ba da gangan yake yi ba. Yawanci yana farawa tsakanin shekara 4 zuwa 6, ya fi kama maza, kuma halinsa ke nan ya lafa ya dawo, ya bar ido ya koma kafaɗa. Yana da yawa fiye da yadda ake zato, don wajen yaro 1 cikin 5 kan yi shi a wani lokaci na ƙuruciya, galibi kuma ya wuce cikin watanni.

Ba a kiran abin Turet sai an haɗa sharuɗɗa: motsi iri-iri, da sauti aƙalla iri ɗaya, sun wuce shekara guda ana yi, kuma sun fara kafin shekara 18. Naki bai kai shekara ba tukuna. Sunan na wani likitan Faransa ne, Gilles de la Tourette, wanda ya yi bayanin ciwon a 1885. Tushensa a ƙwaƙwalwa yake, a sassan da ke tace motsin jiki, kuma gado na da hannu sosai a ciki. Ki bincika a hankali, sau da yawa sai a tarar akwai wani kawu ko baffa da aka sani da yawan gyaran murya ko ƙifta ido tun yana yaro. Ba a ɗaukarsa, ƙannensa su ci kwano ɗaya da shi. Ba ya rage basira, ba ya rage kwana.

Zancen zagin nan da ya hana ki barci: masu yinsa ne aka fi ɗauka a bidiyo don su ke jan kallo, amma wajen mutum 1 ne cikin 10 na masu Turet ke yin haka. Ko da ya tabbata Turet ɗin ne, abin kan tsananta wajen shekara 10 zuwa 12, daga nan mafi yawansu sai ya yi sauƙi sosai in sun balaga.

Maganar da ya faɗa miki ita ce ta fi taɓa ni, don gaskiya ya faɗa. Kafin motsin suna jin wani ɗauri ko ƙaiƙayi a wurin, ba ya sakinsu sai sun yi. Tamkar atishawa ce, kana iya danne ta na ɗan lokaci amma sai ta fito. Shi ya sa duka da tsawa ba sa hanawa, ƙara shi ma suke yi, don tsoro da gajiya da rashin barci duk suna tayar da shi.

Duk da haka ki kai shi likita, don akwai abubuwan da nake so a cire. Ƙaiƙayin ido na ƙura yana sa ƙiftawa, sai dai za ki ga idon ya yi ja yana murza shi. Farfaɗiya kuma yaro kan ɗauke, a kira shi bai amsa ba, bayan nan bai san abin da ya faru ba. Mai tik yana cikin hayyacinsa. Na uku shi ne na fi ji wa tsoro a ƙasarmu: in yaro ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, bayan makonni ko watanni hannuwa da ƙafafu suka fara fizga ba tsari, rubutunsa ya lalace, kofi na faɗuwa daga hannunsa, wannan ba tik ba ne, ciwo ne da kan taɓa zuciya, ba a jinkiri da shi. Ki fara da likitar unguwarku, su tura ki wurin likitan yara a babban asibiti. Ki ɗauke shi bidiyo ba tare da ya sani ba, don yara kan danne abin a gaban likita. Babu gwajin jini ko hoton kai da ke nuna Turet, da labari da kallo ake gane shi.

Wani dattijo:

Ni dai a ganina kada a raina maganar Hajiya surukarki. A yi masa addu'o'in tsari safe da yamma, a karanta masa Falaƙi da Nasi. Ba kome ne na asibiti ba.

Mushen lakwal (malamin makarantar boko):

Baba, addu'a ba wanda zai hana, dukanmu muna yi wa 'ya'yanmu, kuma yaron da uwarsa ta dafa kansa ta yi masa tofi kafin barci hankalinsa kan kwanta. Abin da nake roƙo kawai, kada a kai shi inda za a danne shi ana duka ko ana turara masa hayaƙi mai shaƙewa wai a fitar da aljani. Yaro ɗan shekara 7 in aka ce masa akwai wani abu a jikinsa, tsoron ba ya barinsa.

Maman yaro, shekaru na yi ina koyarwa, na ga irinsa a aji. Ki je ki sami mushensa da malamin allo ki yi musu bayani, gara ma babansa ya je, maganar ta fi nauyi. A daina kiran sunansa in ya yi, a hana yara kwaikwayonsa, don tsokanar ta fi motsin yi musu ciwo. A zaunar da shi kusa da ƙofa, in abin ya taru masa ya fita ya sha ruwa ya dawo. Kada ki yi mamaki in ya dawo gida abin ya ƙaru, dannewar da ya wuni yana yi ce yake saukewa. Na lura kuma in sun nutsa cikin abin da suke so, ƙwallo ko zane, motsin kan ragu. In babansa mai kallon ƙwallo ne, ki ce masa Tim Howard, ɗan Amurka da ya tsare gidan Manchester United da Everton, da Turet ya yi wasansa duka.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa babansa, ya yi shiru, daga baya ya ce ƙanen mahaifinsa ma haka yake jan hanci. Ya yarda shi zai je wurin malamin allo. Bai yi ciwon maƙogwaro ba a bana, kuma in an kira shi yana amsawa. Yaya, akwai maganin da zan saya masa kafin mu ga likita?

Ma'aikaciyar jinya:

A'a ƙanwata, kada ki sayi kome, ko a farmasi ko wurin masu tallar magani. Yawancin yara ba sa bukatar magani sam. Ana bayarwa ne in motsin yana sa ciwon wuya, ko yana hana karatu ko zama cikin mutane. Magungunan, irin su risperidone da haloperidol, masu ƙarfi ne, suna kawo barci da ƙiba da sanƙarewar jiki, likita ne kaɗai zai auna. Akwai kuma horo da ake yi wa yaran da suka ɗan tasa, a koya musu gane ɗaurin nan tun yana tasowa su yi wani motsi da zai tare shi, ki tambayi likitan ko akwai mai yinsa.

In kun je, ki faɗa masa duk maganin da yaron ya sha kwanan nan, har na amai, don wasu kan sa murɗewar wuya. Ki faɗa masa kuma in yaron ba ya iya zama wuri ɗaya, ko yana yawan maimaita abu kamar wanke hannu ko sake alwala, don waɗannan kan zo tare da tik, wani lokaci ma su suka fi bukatar kulawa. Kafin ranar, ya riƙa kwanciya da wuri, kuma ki riƙa rubuta wane motsi ya fara a wane wata, ki tafi da takardar.