Tseren mota: ƙarfin doki ɗaya, amma ɗaya na jan gaba, ɗaya na jan baya: akwai adalci?

Mai Civic: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina tseren kwata mil, wato mita 402, da Honda Civic mai jan gaba, wato tayoyin gaba inji ke juyawa. Ana raba mu rukuni da ƙarfin doki kawai, wato ma'aunin ƙarfin inji, sai a haɗa ni da Mustang mai jan baya, wadda inji ke juya tayoyinta na baya. A takarda ƙarfinmu ɗaya, amma kafin tayoyina su kama kwalta ya tsere. Abin na damuna ƙwarai.

Bakanike: Wa'alaikassalam. Babu adalci, ɗan uwa. Da ka taka totur, nauyin mota baya yake komawa. Shi nauyin danne masa tayoyin da ke ja yake yi, kai kuwa ɗaga naka yake, su yi ta juyawa a banza. Tun a ƙafa 60 na farko ake cin ka.

Direban Mustang: Malam, a faɗi ɗaya ɓangaren ma. Civic ta fi tawa rashin nauyi sosai, kuma ƙarfin da ke ɓacewa tsakanin inji da taya ya fi yawa a mai jan baya. A ina aka auna dokin, a inji ko a taya?

Bakanike: Gaskiyarka. Shi ya sa na fi son a raba rukuni da lokacin da mota ke yi, ko a haɗa da nauyi.