Bututun bayan gida yana cin karo da bim a Revit, ya zan yi?

Assalamu alaikum manyanmu injiniyoyi. Ina zana aikin famfo na wani bene mai hawa biyu a Kano da manhajar Revit, a kan zanen da akitek ya turo min. Bayan gida na sama yana da nisan mita 12 daga babban bututun da ke sauka ƙasa. Na sa wa bututun inci 4 gangare na 1:40 (wato saukar santimita 1 a kowane santimita 40), sai ya sauka da santimita 30 kafin ya isa, ya shiga cikin bim ɗin, wato ginshiƙin kankare na kwance da ke ɗauke da dakin (rufin kankare). Manhajar kuma ta ƙi haɗa mahaɗar. Falamban da zai yi aikin ya ce in bari, in an zo wurin zai fasa bim ɗin ya wuce. Hankalina bai kwanta ba. Ba a zuba kankare ba tukuna.

Injiniya daga Kaduna: Wa alaikumus salam ƙanina. Kada ka yarda a fasa bim, ko da wasa. Rodin da ke ƙasansa shi ke riƙe nauyin dakin, guduma kuwa ba ta san rodi ba. Amfanin zanen nan ke nan, ka ga karon tun kafin a sayi siminti. Kai wa injiniyan gini hoton wurin. In ya amince a bar rami, shi zai faɗi inda za a sa shi da girmansa, a dasa guntun bututu mai faɗi kafin zuba kankare. Amma ni da zan zaɓa, sai in ƙara bututun sauka na biyu kusa da bayan gidan, tafiyar kwance ta koma mita 3 ko 4.

Wata injiniya daga Abuja: Ƙa'idar gini ta Ingila, wadda da yawanmu ke bi, ta yarda da 1:80 ga bututun milimita 100 na ƙarƙashin ƙasa in akwai masai a kansa. In ka ari wannan gangaren, saukar za ta koma santimita 15.

Tsohon falamba daga Zariya: Hajiya, a takarda haka ne. Amma wannan lissafin na inda tankin masai ke cika kullum ne. Gidajen da nake gyarawa, in ruwa ya ɗauke, rabin bokiti ake watsawa, wani lokacin ma buta. Ruwa kaɗan a kan gangare kaɗan, ƙazanta ta tsaya a tsakiya, bayan wata shida a kira mu da sanda. Ga yashin da ke bin magudanar wanka. Ɗana, bar shi a 1:40, ka sa bakin duba a kowace kwana.

Injiniya daga Kaduna: Baba ya faɗi gaskiya. Batun mahaɗa kuwa, galibi rashin fili ne. Revit ba ya dasa gwiwa (mahaɗar kwana) in bututun ya yi gajarta. Ka yi amfani da gwiwa mai digiri 45 guda biyu maimakon 90, ka fara zane daga wuri mafi ƙasa kana hawa. Sannan ka duba girman kayan da ke cikin manhajar, na kasuwarmu milimita 110 ne.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Gobe zan zauna da akitek kan inda bututu na biyu zai sauka, don ta wannan gefen akwai tagar kicin.