Neman shawara: hutuna a watan Yuli ne, wace hamada zan iya kai Baba?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da hutun mako biyu a watan Yuli, kuma ina so in kai mahaifina ya ga ɗaya daga cikin manyan yankunan hamada na duniya. Shekarunsa 66, yana da hawan jini amma yana kan magani. Hankalina ya fi kwanciya da Marzuga ta Maroko ko Wadi Rum ta Jodan. Wacce ta fi? Kuma in na yi hayar mota, zan iya tuƙa mu cikin yashi da kaina?

Malamar Jogirafi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, wuraren da ka zaɓa ba su da laifi, watan ne bai dace da su ba. A Yuli zafin Marzuga kan haura digiri 40, wani lokaci ya taɓa 45. Wadi Rum da ɗan dama-dama don tana kan tudu, amma ita ma tsakar rana ba ta fituwa. Lokacin Sahara da hamadar Larabawa daga Oktoba ne zuwa Afrilu. In za ka iya ɗaga hutun zuwa Nuwamba, Marzuga ta yi: tuddan yashin Erg Chebbi suna kai mita 150, sai dai daga Marrakesh tafiyar awa tara zuwa goma ce a mota, ta kan duwatsun Atlas, don haka a raba ta kwana biyu.

In kuwa Yulin ne dole, ka dubi kudancin duniya, inda watan yake tsakiyar hunturu: Namib a Namibiya ko Atakama a Chile. Akwai kuma Gobi ta Mongoliya, wadda lokacinta ke nan, daga Yuni zuwa Satumba, domin ɗarinta a hunturu yakan kai digiri 40 ƙasa da sifili.

Mai Kallon Taurari: Ni Atakama zan ce. Sararin samaniyarta tangaran yake saboda ƙarancin gajimare, shi ya sa aka kakkafa manyan na'urorin hangen taurari a can. Jirgi zai sauke ku a Calama, sai kilomita 100 a mota zuwa San Pedro. Ku daidaita zuwan da ƙarshen wata ko tsayuwarsa. In farin wata ya cika, haskensa yana dusashe taurarin.

Ma'aikaciyar Jinya: Yaya, a yi mini afuwa, ban goyi bayan Atakama ga Baba ba. San Pedro kanta tana kan mita 2,400, maɓulɓulan ruwan zafi na El Tatio kuwa kusan 4,300, kuma da asuba ake zuwa cikin tsananin sanyi. A irin wannan tsayi iska tana yin ƙaranci, zuciya ta ƙara aiki, sai ciwon kai, amai da haki. Mai hawan jini ba ya hawa can sai likita ya amince.

Ko ina za ku, Malam, ka kai maganinsa likita ya duba. Wasu magungunan hawan jini fitsari suke sawa, kuma a busasshiyar iska gumi yana bushewa tun kafin a gan shi, ruwan jikin mutum yana ƙarewa bai sani ba. Ku tanadi lita 4 zuwa 5 na ruwan sha ga kowane mutum a rana, da wasu lita 20 a ajiye a mota waɗanda ba a taɓawa sai an shiga matsala, da ƙunshin gishiri da sukari na ORS. Kada a jira ƙishirwa. In fitsari ya yi duhu, ruwa ya yi kaɗan. In mutum ya fara ruɗewa ko surutai, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a nemi asibiti nan take.

Tsohon Direba: To ai magana ta koma Namib. Daga Windhoek, babban birnin Namibiya, zuwa Sesriem, ƙofar shiga gandun dajin da tuddan yashin suke, sama da kilomita 300 ne, mafi yawa hanyar tsakuwa, kuma hannun hagu ake tuƙi a ƙasar. Wannan hanyar ta fi yashin kayar da baƙi. Tana da faɗi, babu kowa, sai mutum ya taka, ya zo kwana ya danna birki, bayan motar ya kwashe ta wuntsila. Kada ka wuce 80, ka tafi da tayar safaya biyu, ka cika tanki a duk gidan man da ka gani, kuma ban da tuƙin dare saboda namun daji.

Daga Sesriem kwalta ce har kusan kilomita 60. Biyar ɗin ƙarshe zuwa Sossusvlei, inda manyan tuddan suke, yashi ne mai laushi, sai mota mai jan taya huɗu. Shawarata, ɗana, ka ajiye taka a wurin fakin ku hau motocin jigila da ke nan. In ka nace sai ka tuƙa, ka sassauta iskar taya zuwa wajen bar 1.2 zuwa 1.5 don ta shimfiɗu a kan yashi maimakon ta nutse. Ka riƙe gudu ɗaya, kada ka canza giya a tsakiyar laushi, kada ka fizgi sitiyari, domin taya mai ƙarancin iska tana iya fita daga wili. Da ka ji ta kafe, ɗaga ƙafa daga totur. Ƙara wuta rami kawai yake haƙa mata har cikinta ya zauna. A kwashe yashin gaban tayoyi da shebur, a ƙara rage iska, a ja da baya a kan sawun da aka zo. Kana komawa kwalta ka mayar da iskar, in ba haka ba tayar ta yi zafi ta fashe, saboda haka famfo dole ne. Mota in ta lalace a inda ba kowa, a zauna kusa da ita. An fi saurin hango mota a kan mai tafiya a ƙasa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba zai iya hawa tuddan kuwa?

Malamar Jogirafi: Ba sai ya hau ba. Babban tudun da ake kira Big Daddy ya haura mita 300, kuma a yashi duk taku biyu ɗaya baya yake komawa. Ku bar wa matasa. Abin gani na ƙasa: Deadvlei, farin fili na busasshen yumɓu da baƙaƙen itatuwan da suka mutu ɗaruruwan shekaru amma fari ya hana su ruɓewa, jajayen tuddai kewaye da su. Tafiyar kilomita ɗaya ce daga inda mota ke tsayawa, ku yi ta da sassafe, da takalmi sau-ciki, don yashin yana ƙona ƙafa in rana ta ɗaga.

Tsohon Direba: Ku nemi masauki a cikin gandun. Masu kwana ciki ana buɗe musu ƙofa awa guda kafin fitowar rana, na waje sai ta fito. Yuli lokacin cunkoson baƙi ne, a kama wuri tun da watanni. Dare yana kusan kaiwa sifili, a ɗaukar wa Baba rigar sanyi mai kauri da hula. Kullum da safe a zazzage takalmi kafin a sa, saboda kunama.