Muhawara: Me ɗalibi namiji yake nema a ɗakin haihuwa?

Baffa Lawal: Assalamu alaikum. Nura, ɗanmu mai karatun likita, ya shaida min cewa wannan zangon an tura ajinsu sashen mata da haihuwa a asibitin koyarwa na Shika, har da kwana a ɗakin haihuwa. Na sa masa albarka, amma abin bai kwanta min ba, shi ya sa na kawo shi gaban dangi. A ganina ɗalibi namiji ba shi da abin yi a ɗakin haihuwa. A bar wa 'yan mata wannan fannin, mazan su je ƙashi ko ido ko yara. Idan likita ne ƙwararre, an nemi mace an rasa, ga rai a tsakiya, wannan larura ce, na yarda. Amma yaron da ya zo koyo, wace larura ce ta kai shi kan al'aurar matan mutane?

Goggo Hajara: Wa alaikumus salam. Yaya, ka riga ni a baki. A haihuwar autana, a wani asibiti da ba sai na kama suna ba, ina cikin ciwo na buɗe ido na ga samari sun zagaye gadon da fararen riguna, babbansu yana ta yi musu bayani da Turanci yana nuna ni da biro. Ba wanda ya ce min sannu, balle a tambaye ni ko na yarda. Zanina na hannuna na kasa ja. Yaron nan yanzu ya isa aure, amma har gobe in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Anti Rabi: Hajara, abin da aka yi miki zalunci ne, kuma ni da na tsufa a aikin ungozoma ba zan ce ba a yi ba. Ana yi. An ma fi yi wa matar ƙauye wadda ba ta jin Turanci, wadda take ganin in ta ce a'a za a ƙi duba ta. Amma Yaya Lawal, maganin wannan daban, abin da kake nema daban.

Baffa Lawal: Ina bambancin yake, Rabi? In ba su shiga ba ai ba za a yi ba.

Yaya Mustafa: Baffa, Allah ya ƙara girma, bari in faɗi yadda aikin yake. A Najeriya ba a yaye rabin likita. Shekara 6 ake yi, sannan shekara guda ta koyon aiki a asibiti, wata 3 daga ciki a sashen mata da haihuwa, kafin hukumar likitoci ta ba mutum cikakkiyar rajista. Daga nan sai hidimar ƙasa, a jefa shi babban asibitin wata ƙaramar hukuma, sau da yawa shi kaɗai ne likita a garin. Wanda yake burin zama likitan ido ma ta nan zai bi.

Ni haka aka yi min. Tsakar dare aka kawo wata baiwar Allah a bayan a-kori-kura, ta haihu a gida, mabiyiya ta fita, jini ya ƙi tsayawa. Zannuwan da aka naɗe ta da su sun jiƙe sharkaf, leɓenta ya yi fari, tana ta neman ruwa. Abu na farko shi ne ka ɗora tafin hannu a ƙasan cibiya ka ji mahaifa. Wadda ta tsuke za ka ji ta dunƙule da tauri. Wadda ta saki kuwa laushi za ka ji kamar kwaɓaɓɓen fulawa, kuma ita ce ta fi jawo irin wannan zubar jinin. Sai ka yi ta murza ta, a yi allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke, a sa ruwa ta jijiya, a zuƙe fitsari, ka duba ko akwai yagewa ko guntun mabiyiya ya maƙale. Baffa, tafin hannuna ya san bambancin nan ne saboda wata ungozoma ta taɓa kama shi ta ɗora a cikin wata mata ina ɗalibi, ta ce ji nan. Da an hana ni shiga a lokacin, a daren nan da me zan taimake ta? Mijinta da ya kawo ta bai tambaya ko akwai likita mace ba, cewa kawai yake likita ka taimaka.

Baffa Lawal: Allah ya saka maka. Amma ka ga ai ka dawo kan maganata, wannan larura ce.

Malam Hadi: Baffa, a nan nake son in sa baki, ba da sunan fatawa ba. Ƙa'idar da ka kawo haka take, larura tana halatta abin da aka hana. Amma malamai suna da wata ƙa'idar: abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Samar da masu ceto mata a haihuwa farali ne a kan al'umma, kuma ba ya samuwa sai da koyo. Ba zai yiwu mu halatta wa Mustafa aikin daren nan, mu haramta masa hanyar da ta kai shi ga iyawa ba. Sai dai akwai ta uku, wadda ke bayan Goggo: larura gwargwadonta ake auna ta. Inda mutum ɗaya ya wadatar, tara samari a kan mace ya wuce gona da iri. Inda za a iya rufewa, buɗewa laifi ne.

Nura: Baffa, Goggo, ku yi haƙuri in faɗi abin da muke yi. Mafi yawan lokacinmu a wajen awon ciki yake da zagayen gadaje. Mu ɗauki tarihin mace, mu lissafa makonnin ciki daga hailarta ta ƙarshe, mu auna hawan jini, mu sa tef mu auna tsayin ciki, mu lalubo kwanciyar yaro, mu kara ƙahon sauraro mu ƙirga bugun zuciyarsa, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 110 da 160 a minti. A ɗakin haihuwa mu ne masu cike takardar bin naƙuda, mu ga ko bakin mahaifa na buɗewa har ya kai santimita 10 ko ya cije. An koya mana mu yi sallama, mu faɗi cewa mu ɗalibai ne, mu nemi izini, kuma kada mu taɓa mace sai da nas a tsaye an ja labule. Da yawa suna cewa ba sa son namiji, sai in fita, abokiyar karatuna ta shiga. Ba na jin haushi, hakkinsu ne.

Goggo Hajara: Nura, ɗana, ka ce an koya muku. To wadda naƙuda ta ci ƙarfinta, ka tsaya a kanta da farar riga ka ce kin yarda, me kake so ta ce? Ai ko wuƙa ka nuna mata cewa za ta yi to.

Anti Rabi: Wannan tambayar ita ce ta fi komai nauyi a duk abin da aka faɗa yau. Wurin tambaya shi ne ranar awo, tana zaune da mayafinta da hankalinta, a yi mata bayani da Hausa cewa nan asibitin koyarwa ne, akwai ɗalibai maza da mata, kina so ko ba kya so, kuma ƙin yardarki ba zai rage miki komai a kulawa ba. A rubuta a katinta. Ranar haihuwa ungozoma ta duba katin ta tsare mata ƙofa.

Amma ina roƙon ku kada kunya ta rufe mana ido daga abin da ke kashe mu. A nan Zariya Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985, kuma har yau ana karanta shi a duniya. Abin da ya gani shi ne mutuwa ta fi yawa a cikin waɗanda ba su yi awo ba, aka kawo su a makare, da ƙananan yara mata masu cikin fari. Ku je asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ku ga masu yoyon fitsari, yawancinsu doguwar naƙuda ce ta jawo musu, an rasa wanda zai gane cewa kan yaro ba zai wuce ba a yi aiki da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya a 2020 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. A irin wannan hali ne za mu ce rabin aji kada su koyi tsayar da jini, kada su san allurar jijjiga?

Baffa Lawal: Innalillahi. Adadin nan ya girgiza ni. To me ya hana a cika ajin da mata? Ai muna da su.

Yaya Mustafa: Muna da su, Baffa, kuma suna ƙaruwa. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin binciken da aka fitar a 2023, wanda ya nuna cewa shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa don a ga yawan jinin da ido, tare da haɗa magungunan a ba da su lokaci guda, ya rage mummunar zubar jini da abin da take jawowa da kashi 60 cikin 100. Irinta muke so su yi yawa. Amma yarinyar da ta shiga jami'a bana sai ta yi shekara 6, ta yi koyon aiki, ta yi hidimar ƙasa, sannan ta ƙara wasu shekarun kafin ta ƙware a fannin. Matan da za su haihu a wannan daminar ba za su jira ta ba. Kuma sai mun bar 'ya'yan namu sun kai can, mun kuma yarda a tura su ƙauye su kwana a asibiti.

Baffa Lawal: Na ji, kuma na sassauta a kan tsayar da jini da awon ciki. Amma gwajin ciki da hannu, wannan ban sauka ba. Na ji an ce akwai mutum-mutumin roba da ake koyo da shi. Mazan su tsaya a kansa.

Nura: Akwai shi Baffa, da shi ake fara mana, kuma yana da amfani wajen sanin yadda kan yaro ke juyowa da inda za ka sa hannu. Sai dai roba ba ta zubar da jini, ba ta kumbura, ba ta jin zafi balle ka koyi sassauta hannu.

Goggo Hajara: Ni dai ban ce kada ka koya ba. Cewa na yi ɗaya bayan ɗaya, da izini, da mace a tsaye, kuma a yi wa mutum magana da harshen da yake ji. In babbanku ya tara ku a kan wata bai tambaye ta ba, kai za ka iya ja da baya ka fita?

Nura: Da wuya, Goggo, domin shi ke sa hannu a littafinmu, kuma sai littafin ya cika ake barin mutum ya zauna jarrabawa. Amma zan iya zuwa wurin sistar da ke kula da ɗakin tun kafin a fara zagaye, in roƙe ta ta riƙa tambayar matan.

Anti Rabi: Ka je wurinta, za ta saurare ka. Ka kuma haɗa da shugaban ajinku ku kai maganar katin awo gaban shugaban sashe a rubuce, da sa hannun 'yan matan ajin.

Baffa Lawal: Ku kai. Maganar gwaji da hannu kuma ina nan a kan bakana. Hadi, ranar Juma'a bayan an sauko ka zo da littattafan da ka ciro ƙa'idojin nan, Mustafa kai ma ka zo, ina da sauran tambayoyi.