Zoɓo mai abarba da gas: ya za a yi ya daɗe a gora?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Kasuwar lemo ta koma gasar ɗanɗano. Bigi kaɗai yana da na tsamiya, na citta da Chapman, ga Pop Cola daga Kano. Mai son fitar da zoɓo mai abarba da citta a gorar roba, har da gas, ta ina zai fara? Kuma me ke sa gora ta kumbura bayan kwana biyu ko uku?

Injiniya_Sharaɗa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kumburin aikin yis ne, yana cin sukari yana fitar da iska, kuma yawanci ɗanyar abarba ce ke shigo da shi idan an zuba ta bayan an sauke tukunya. A dafa ruwan abarbar tare da zoɓon, a kai zafin digiri 85, a tace da ƙyalle mai laushi. Sai dai gorar roba ta yau da kullum tana lanƙwashewa da wannan zafin, don haka ko kwalba, ko a bari ya huce a rufe sannan a ɗura da maganin hana lalacewa.

Babbar matsalar ita ce kanwa. Ana jefa ta don kashe tsami, alhali tsamin ne ke tsare zoɓo. Asalinsa pH ɗinsa (ma'aunin tsami, wanda ke sauka idan tsami ya ƙaru) na wajen 3 ko ƙasa, kuma sodium benzoate, wato maganin hana lalacewar, ba ya aiki sosai idan pH ya haura 4.5. Kanwa na ɗaga shi, ja ya koma baƙi-baƙi, maganin ya tashi a banza. In tsami ya yi yawa, a ƙara ruwa da sukari. Tukunyar ƙarfe ma tana dusashe launi, a yi amfani da ta sitil mara tsatsa. Benzoate kada ya wuce miligiram 250 a lita, da sikeli ake aunawa, ba da cokali ba.

Abu Hanifa: Ƙari kan na Injiniya: kar a haɗa benzoate da bitamin C, domin cikin zafi da rana suna iya haifar da benzene, sinadarin da ke iya jawo cutar kansa. Kan wannan batu ne wata kotu a Legas ta ba da umarnin sa gargaɗi a jikin Fanta da Sprite a 2017. Potassium sorbate, wani maganin hana lalacewa, ya fi dacewa da abin da ke da ruwan 'ya'yan itace.

Gas kuwa, a ganina a jinkirta shi. Yana buƙatar ruwa mai sanyin digiri 2 zuwa 4, da gora mai jure matsi, kuma ɗan gari-garin citta da ya tsallake tata zai sa kumfa ta yi ambaliya wajen ɗuri.

Malama Binta: Ku duba zaƙi ma. Kola tana da sukari kusan giram 10 zuwa 11 a mililita 100, harshen mai saye ya saba da hakan, kuma a 2022 aka fara karɓar harajin naira 10 kan kowace litar lemo mai sukari. Kanumfari kaɗan ya isa, ƙamshinsa na ƙaruwa a gora har ya danne abarbar. Kafin zuwa NAFDAC, Hajiya, a ajiye gora goma a firji, goma a shago, a riƙa buɗe ɗaya-ɗaya ana duba launi da wari.