Shawarwarin 'yan wasan The Witcher 3 a Jidda

Wasu matasan Hausawa mazauna Jidda sun tattauna kan The Witcher 3, wasan bidiyo da kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland ya fitar a 2015, kuma yawancin ƙorafinsu kan makomar Ciri ne, 'yar riƙon Geralt, jarumin wasan, domin da dama sun tarar da mummunan ƙarshe ba su san inda suka kuskure ba.

Waɗanda suka ƙware sun ce ƙananan zaɓuɓɓuka ne ke yanke hukuncin: Geralt ya yi wasan jifa da ƙanƙara da ita bayan yaƙin Kaer Morhen, ya raka ta kabarin Skjall (matashin da ya taɓa taimaka mata), ya bar ta ta gana da matsafa mata ita kaɗai, kada kuma ya karɓi kuɗin sarki Emhyr, mahaifinta, idan ya kai ta wurinsa. A ganina masu ƙorafin suna da hujja, tunda wasan ba ya nuna nauyin waɗannan wurare ko kaɗan.

An kuma ba da shawarar kammala ƙananan ayyuka kafin a shiga tsibirin Isle of Mists, saboda wasunsu suna rufewa daga nan. Wanda Turanci ke ba shi wuya ya kunna fassarar Larabci, ya daina tsallake hirarraki.