Ƴan sitaj a shagon walda: nawa ya kamata a karɓa?

Mai walda, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi:
Assalamu alaikum. Hutun damina ya matso, ɗaliban makarantar fasaha ta Lise Teknik Ɗan Kasawa da na cibiyoyin koyon sana'a sun fara yawo da takardun neman sitaj, wato koyon aiki na ɗan lokaci a shago. Shago mai ma'aikata uku da injin walda biyu, yara nawa zai iya riƙewa? Kuma in yaro ya ji rauni, wa ke da alhaki?

Tsohon malamin sana'a:
Wa alaikumus salam, maigida. Biyu, kada ka wuce. Ba fili ake dubawa ba, hannun da zai tsaya kansu ake ƙirgawa. Makon farko babban yaronka ba zai yi aikinsa yadda ya saba ba, rabin hankalinsa na kan ɗalibi, ga mai ƙofa na jiran kayansa. In ka ɗauki biyar, uku za su ƙare da shara da sayo shayi, wannan kuwa cin amanar iyayensu ne.

Batun rauni: kada yaro ya taɓa ƙarfe sai an sa hannu kan takardar yarjejeniya, kai da makaranta da ɗalibin. A rubuta ranar farawa da ta gamawa, awoyin aiki, malamin da zai riƙa leƙowa, da wanda zai biya magani. Ka tambaya ko makarantar ta yi musu inshora, ka ga takardar da idonka. Kada ka ɗauka rajistar ma'aikatanka a CNSS, asusun kare lafiya da jin daɗin ma'aikata na ƙasa, ta rufe su kai tsaye, je ofishin CNSS ka tambaya.

Mai ƙera ƙofofi, Zariya:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ɓarnar kaya ma abin lissafi ce. Sabon hannu yakan ɗaga wuta sama da amfiya 100 da sandar walda mai kaurin milimita 2.5, nan take ya huda siririn bututu. Ka tara guntayen ƙarfe, su yi mako biyu a kansu kafin su taɓa aikin mutane. Kowa da garkuwar fuskarsa da safar hannu ta fata. Wanda ya kalli hasken walda da ido tsirara, sai dare zai ji kamar an zuba masa yashi. Injin yanka kuma, mai faifan milimita 230 ba na ɗan koyo ba ne, kuma kada a cire murfinsa ko da wasa.

Hajiya mai ɗinki:
Alhaji, ka yanke maganar kuɗin kabu-kabu da abincin rana tun ranar farko, gaban uban yaron. Ka ajiye littafin zuwa da tashi, don ranar da zai zo neman sa hannu kan rahotonsa da takardar shaida, da shi za ka san abin da za ka rubuta.